Jawabin Shugaban Matasa a Taron Mazaɓu, Ɗambatta: Ciwon Ƙirji Ba Ya Jiran Safiya

 

Damina da ta wuce, maƙwabcina ya dawo daga gona yana dafe ƙirji, gumi yana keto masa. Muka ce olsa ce, aka ba shi kanwa, aka ce bari da safe. Kafin asuba rai ya yi halinsa. Allah Ya jiƙansa.

Jama'a, bugun zuciya ne. Gudan jini ne ke toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, kowane minti naman zuciya yana mutuwa. Alamunsa: nauyi a ƙirji, ciwo yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, zufa, numfashi sama-sama.

In kun ga haka, a zaunar da shi, ya tauna asfirin miligiram 300, sai dai in jikinsa ba ya karɓarsa ko yana zubar jini. Sannan a nufi Babban Asibitin Ɗambatta nan take. Daga nan zuwa Asibitin Malam Aminu Kano tafiya ce, ga cunkoso, alhali allurar narkar da gudan jini ta fi aiki a awannin farko.

Don haka duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'armu, mu tambaye shi: ina na'urar ECG a asibitocinmu, ina allurar, ina motar ɗaukar marasa lafiya?

Mu kuma, motocin da muke haɗawa ranar gangami, kowace mazaɓa ta ware direba ɗaya da wayarsa ba ta mutuwa da dare. Yau za mu rubuta sunaye.