Kafin Ki Ba Kafinta Kuɗin Kabad: Jawabin Ranar Bikin Ƙungiya

Hajiya Shugaba, ma'ajinmu, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, 'yan'uwa da mazajenmu da suka zo taya mu murna, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya ƙara haɗa kanmu.

An ce in yi magana a kan kabad ɗin da ake kafawa a jikin bango, na kicin da na ɗakin kwana, domin da yawa daga cikinmu kwasar adashi ko rancen ƙungiya a gyaran gida yake ƙarewa. Abu ɗaya nake so mu tafi da shi yau: kada kobo ya bar hannunki sai aikin ya hau takarda. Bahaushe ya ce tun ran gini ran zane.

Tambayar farko ba ta katako ba ce. Bangon na waye? Sif da gado da kujeru, duk mun sani kayan ɗaki ne, inda kika tashi nan za su bi ki. Kabad ɗin bango kuwa a jikin gini ake ɗaure shi, daidai awon wurin aka yanka shi, in aka ɓalle shi da wuya ya zauna a wani ɗakin. In gidan haya kike, ki fara zama da mai gidan: zai rage miki a kuɗin haya ne, ko zai biya ki ranar tashi? In gidan maigida ne ko gidan gado, a yi maganar a fili tun yanzu, da shaida. Alhazai, ku yi haƙuri, ba rashin yarda ba ne. Rancen da sunanta aka rubuta shi, ita za ta biya. Idan ba a daidaita ba, ki sa a yi miki wanda yake tsaye da ƙafarsa, mai ɗaukuwa.

To, in an wuce nan, sai tsarin aiki. Kafinta shi ne na ƙarshe. Mai famfo ya gama, mai wuta ya sa soket inda firji da sauran na'urori za su zauna, mai tayil ya gama, sannan kafinta ya zo da tef ɗinsa. In ya auna kafin a sa tayil, awon ya tashi a banza. Kuma bangonmu ba kasafai yake miƙewa sak ba, don haka ya auna faɗin wurin a sama, a tsakiya da ƙasa, ya yi aiki da mafi ƙanƙanta.

Ga awon da aka saba da shi, ku rubuta. Kabad ɗin ƙasa na kicin, tsayinsa kamar ƙafa 3, zurfinsa ƙafa 2. Na sama zurfinsa kamar ƙafa 1, kuma a bar tazarar kusan ƙafa 2 tsakaninsa da kanta, don kada goshinki ya sha bugu. Na ɗakin kwana, in za a rataye kaya a ciki, zurfinsa kada ya gaza ƙafa 2. Amma ki fito da babbar tukunyarki ta suna da biki da manyan kulolinki, a auna su. Me za ki yi da kabad ɗin da tukunyarki ba ta shiga?

Yanzu lissafin katako, inda aka fi yi mana kwana. Falle ɗaya, ko MDF ne ko HDF ko wanda kafintoci ke kira marin, faɗinsa ƙafa 4, tsawonsa ƙafa 8. Na jikin kabad kaurinsa milimita 18, na baya kuma siriri ne, kuɗinsa bai kai na mai kauri ba. Mu ɗauki kabad ɗin ƙasa mai tsawon ƙafa 10, an raba shi gida 5, kowane gida da ƙofa ɗaya da shimfiɗa ɗaya a ciki. In kika haɗa gefuna da ƙasa da shimfiɗu da ƙofofi, har da abin da zarto zai ci, kamar falle 4 masu kauri ne da siriri 1. Kowace ƙofa hinji 2, kun ga 10 ke nan, mariƙi 5. Dutsen saman kanta lissafinsa daban. To in kafinta ya ce miki falle 8, ba faɗa za ki yi ba. Ki ce, "Malam, zana min yadda za ka yanka su." Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar.

Wane katako za a saya? MDF ya fi araha kuma yana da santsi, amma ba ya shiri da ruwa. Da ya jiƙa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa. A ɗakin kwana mara danshi zai yi. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke kuwa, ki daure ki sa marin, ko da nan kaɗai ne. A kicin araha ba ta ado. Ki sa magini ya yi ɗan dakali kamar inci 4 a ƙasa, kabad ya hau kai, saboda ruwan goge-goge. Bangon da ke tsattsafo da damina a gyara shi tukuna, a sa maganin gara kafin a rufe shi da katako, domin abin da ke bayan kabad ba za ki sake ganinsa ba sai ya yi ɓarna.

Wannan kuma maganar rai ce, ku saurara da kyau. Kada a kulle tukunyar gas a cikin kabad mara iska. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru. Wurinta a waje, cikin inuwa, a jawo bututu.

Sai takardar da na ce. Ki nemi kafintoci 3 su ba ki kuɗi a kan zane ɗaya. Kowa ya rubuta irin katakon da yawan falle, hinji, mariƙi, ƙarfen durowa, abin rufe bakin katako, gam da sukuru, kuɗin mota, kuɗin hannu, da ranar gamawa. "Hajiya, ki kawo kaza in gama miki komai" ba lissafi ba ne. Yawancin waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kun ga yadda farashi ke bin dala, don haka ya rubuta kwana nawa kuɗin da ya faɗa zai tsaya a haka. In da hali, ki bi shi kasuwa, ko ki tura ɗanki, a sayi kayan da rasit. A kan jimlar ki ware kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, kada ki faɗa wa kowa.

Biya kuma kashi uku. Na kaya da farko, wani ɓangare na kuɗin hannu in ya kawo ya fara kafawa, cikon sai kin buɗe kowace ƙofa kin ja kowace durowa da hannunki. Kafin nan ma ki je ki ga aikin da ya yi shekara biyu baya, ba na hoton waya ba.

In kuɗin bai kai ba, a yi na ƙasa bana, na sama baɗi. Ya fi a ci bashi biyu a kan bango ɗaya. Ina kuma roƙon Hajiya Shugaba da ma'aji, duk wadda ta nemi rancen gyaran gida ta haɗo da wannan takardar, mu duba tare. Kuɗin da ke asusun nan gumin kowacce a cikinmu ne.

Allah Ya sa albarka a gidajenmu da sana'o'inmu, Ya maimaita mana.