Wasannin Yara Ƙanana

Maganar da zan yi muku yau a kan wasan yara ce, watau guje-guje da tsalle-tsallen da su ke yi a ƙofar gida. Na sani wani zai ce wannan bai isa a tara magidanta a kansa ba. To, ku saurara tukuna.

Jikin yaro ba ya ginuwa da tuwo kaɗai. Ƙashi ya kan yi ƙwari in ana tsalle a kansa, zuciya kuwa sai an yi gudu har numfashi ya ɗaga. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 3 zuwa 4 ya sami sa'a 3 kowace rana yana motsa jiki, sa'a 1 daga ciki ta zama wasa mai ƙarfi. A 2020 kuma ta ce daga shekara 5 zuwa 17 a riƙa samun minti 60 a rana. Kakanninmu ba su ƙidaya minti ba, gama dandali ya ɗauke musu wannan nauyi. Yau a birane an gine filaye da yawa, yaro ya zauna cikin ɗaki ya ƙura wa waya ido.

Wadansu iyaye sun gane amfanin wasa, amma wasa guda su ka sani, shi ne ƙwallon ƙafa. Uba ya tuna yadda Ahmed Musa ya jefa wa Ajantina ƙwallo 2 a 2014, sai ya ɗora ɗansa mai shekara 6 a kan ƙwallo safe da yamma, wai ya zama gwani tun da wuri. Mu kan ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma ɗanyen da a ka dinga lanƙwasa a wuri guda, nan zai tsage. Ku sani, a bakin kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani wuri mai taushi kamar guringuntsi, daga nan ne ƙashin ke ƙara tsawo, ba ya kuwa ƙanƙarewa sai an balaga. In motsi iri ɗaya ya yawaita a kansa kullum, sai yaro ya fara kukan ciwo a ƙarƙashin gwiwa ko a diddige. Sa'an nan ga gundura. Wasan da ya zama tilas, yaro ya kan yar da shi da zarar ya sami hali.

Abin da ya fi shi ne a bar yaro ya ɗanɗana wasanni iri iri, gama kowanne da wurin da ya ke ginawa. Ba sai kun sayi kome ba, muna da namu. Ku dubi langa. Yaro ya kama ƙafa ɗaya da hannu ta baya, ya yi ta tsalle da ɗayar, ana ture shi yana ƙin faɗuwa. Ban san wasan da ya fi ta koya wa jiki tsayuwa daram ba, sai dai a tuna masa ya riƙa sauya ƙafa. Kokawa kuma, in a kan yashi a ke yi tsakanin tsara da tsara, ta kan ƙarfafa baya da damtse, ta koya wa yaro yadda a ke faɗuwa ba a karye ba, da yadda a ke tashi a karkaɗe riga ba tare da fushi ba. Mutanen Nijar sun girmama ta, tun 1975 su ka fara gasar ƙasa a Tawa, inda zakara ke karɓar takobi. Tsere da ɓoyo na numfashi ne. Carafke ta kan haɗa ido da hannu.

Kada ku ce maganar nan ta 'ya'ya maza ce kaɗai. Ƙashin 'ya mace ma a ƙuruciya ya ke ginuwa, saboda haka ku bar ta ta yi gaɗa da tsallen igiya da sa'o'inta.

Dambe dai a jinkirta shi, domin duka a ka ba abin wasa ba ne ga ƙaramin yaro. Ko a Ingila, a 2020 hukumar ƙwallonsu ta hana a koya wa yaran firamare buga ƙwallo da ka wajen horo.

Saura iyo. Yana da kyau kowane yaro ya iya, gama ya kan ceci rai, amma kada ya shiga ruwa sai da babba a kusa wanda ya iya, idonsa kuwa na kansa. Ku yi hankali kuma da kududdufi. A cikinsa akwai wadansu ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya, ita ce ke huda fata ta shiga jiki. In kun ga jini a fitsarin yaro, kada ku yarda da masu cewa alamar girma ce. Ku kai shi asibiti, akwai ƙwayar magani da a ke ba shi gwargwadon nauyinsa ko tsayinsa.