ZUMUNTA A ƘAFA TAKE

Karatu: Ayyukan Manzanni 18:1-11

Yau maganarmu a kan 'ya'yanmu ne da ƙannenmu waɗanda suka ƙetare teku neman ilimi ko neman abinci, suna zaune su kaɗai, babu mata, babu miji, babu dangi kusa.

Kwanan baya wani dattijo daga wajen Miga ya zo gidanmu da wayarsa a hannu. 'Yarsa tana aikin kula da tsofaffi a wani birni na Ingila. Kuɗi tana aikowa a kan kari, har an yi wa ɗakin uwarta rufin kwano. Amma ya ce, "Fasto, yarinyar nan muryarta ta sāke." Da muka kira ta, muka gaisa, sai ta ce, "Baba, wata biyu ke nan ban ci abinci tare da kowa ba. Daga aiki sai ɗaki, daga ɗaki sai aiki." Wannan magana ta tsaya mana a rai, gama a gida ko maraya ba ya rasa wanda zai sa hannu a kwano ɗaya da shi.

Kada mu ɗauka wannan shagwaɓa ce. Su kansu masu ƙasar sun san ciwon. A watan Janairu na 2018 gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista musamman domin matsalar kaɗaici, Japan kuma ta yi haka a 2021. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da gargaɗi cewa kaɗaici yana cutar da jiki kamar yadda yake cutar da zuciya. To, idan ɗan gari yana kuka, ina ga baƙo? Ga shi kuma dokoki sun ƙara tsanani. Daga Janairu 2024 aka hana yawancin ɗalibai baƙi kawo iyalansu Birtaniya, a watan Maris na shekarar kuma aka hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi. A watan Disamba rana takan fāɗi a Landan tun kafin ƙarfe 4 na yamma. Mutum ya fita da duhu, ya komo da duhu, maƙwabcinsa ma bai san sunansa ba.

Sai mu duba abin da Manzo Bulus ya yi. Ya bar Atina ya shiga Koranti, babban birnin ciniki, shi kuwa ba shi da aure. A can ya sami wani Bayahude mai suna Akila da matarsa Biriskila. Su ma baƙi ne, ba su daɗe da zuwa daga Italiya ba, domin Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma. Mene ne ya haɗa su? Sana'a. Dukansu masu ɗinkin tanti ne. Suka zauna wuri ɗaya, wannan yana yanka, wancan yana ɗinki, hira tana shiga tsakani. Bulus ya yi shekara ɗaya da wata 6 a birnin. Daga baya, a Romawa sura 16, ya shaida cewa mutanen nan biyu sun sa ransu cikin hatsari saboda shi. Abutar da ta kai ga wannan matsayi a bakin aiki ta fara.

Mu mutanen ƙasar Dutse mun san wannan tun muna yara. Ina muka sami abokanmu na gaskiya? A wurin gayya, sa'ad da samari suka jeru da fartanya a gonar mutum ɗaya. A wurin yankan shinkafa a fadama. A wurin ɗaura jinga idan Kogin Haɗejiya ya cika, kowa da buhun ƙasa a ka. Babu wanda ya taɓa zuwa gayya yana cewa, "Na zo neman aboki." Aiki ya je yi, abokin kuwa ya same shi a kunya ta kusa. Abin da muke so 'ya'yanmu na waje su gane ke nan. A gida jama'a ce take zuwa ta same ka a ƙofar gida. A can sai ka tashi ka nemi inda ake gayyar.

Wuri na fari shi ne majami'a. Da Bulus ya isa Filibi, ran Asabar ya fita bayan gari zuwa bakin kogi, inda yake zaton ana taruwa domin addu'a. A nan ya sadu da Lidiya mai sayar da tufafin shunayya, ita ma baƙuwa daga Tayatira, ta kuwa buɗe masa gidanta. Amma ku ji da kyau, 'ya'yanmu. Zama a bencin baya, a fita da zarar an sa albarka, ba zai ba ka ɗan'uwa ba. Shiga ƙungiyar mawaƙa. Shiga ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako. Ka ce a ba ka aikin jera kujeru ko wanke kofunan shayi. Wanda kuka wanke kwano tare sau 5 zai tambaye ka ranar da bai gan ka ba.

Na biyu, kada ku tsaya ga 'yan ƙasarku kaɗai. Sa'ad da aka kwashe mutanen Yahuza zuwa Babila, Annabi Irmiya ya aika musu da wasiƙa, tana nan a sura 29. Bai ce su zauna suna ƙirga kwanakin komowa ba. Ya umarce su su yi gini, su yi shuka, su yi aure, su kuma nemi alherin garin da suke baƙunci. A biranen Ingila akwai wuraren raba abinci ga mabukata, masu neman 'yan sa-kai. Akwai kuma wani gudu da ake kira parkrun, wanda aka fara a 2004 a wani filin shaƙatawa na Landan. Kowace Asabar da safe mutane sukan taru su yi kilomita 5, mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ya yi tafiya, ba a biyan ko kwabo. Akwai ƙwallo, akwai ajin koyon harshe, akwai ƙungiyoyin ɗalibai a kowace jami'a. Zaɓi ɗaya, ka riƙe shi. Kada ka je sau ɗaya ka ce ba su kula ka ba. Ko a gida, baƙo ba ya zama ɗan gari a kasuwa ɗaya.

Na uku, gargaɗi. Mai jin ƙishirwa ba ya duba tsabtar ruwa, haka ma mai kaɗaici. Ba kowane taro ba ne na ɗan Allah. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Idan taron ba ya ƙarewa sai an bugu, ka bar shi. Idan wanda kika sadu da shi ta waya ya fara zancen aure kafin ki san inda yake sujada, ko ya fara roƙon kuɗi, ki tsaya. Auren takarda domin samun izinin zama ƙarya ne a gaban hukuma, ƙarya ne kuma a gaban Allah. Amfanin haɗuwa cikin jama'a shi ne kana ganin halin mutum da rana tsaka: yadda yake yi da tsoho, yadda yake yi idan an ci su a wasa, ko yana cika alkawari. Ku tuna da Rut, gwauruwa baƙuwa daga Mowab. Kalan sha'ir ta fita yi a Baitalami domin ita da surukarta su ci. Bo'aza kuwa ya ji labarin halinta a bakin mutane kafin maganar aure ta taso. Ba muna cewa kowa zai sami miji ko mata ta haka ba. Bulus ba shi da aure, amma bai rasa 'yan'uwa ba.

Yanzu gare mu iyaye. Idan yaranmu sun kira, mece ce tambayarmu ta fari? Sau da yawa kuɗin taki ne, ko kuɗin makarantar ƙane, ko "Yaushe za ka kawo mana suruka?" Yaro yakan ƙara aikin dare, ya bar sujada, domin kada mu ce ya manta da gida. Bari mu sāke tambaya. Mu ce, "Wa ka ci abinci da shi wannan mako? Wa zai sani idan ka kwanta ciwo?" Dattijon nan na Miga haka ya yi, ya kuma ce wa 'yarsa ta rage aikin ran Lahadi ko da kuɗin zai ragu. Yanzu tana cikin mawaƙan wata ƙaramar ikilisiya. Ba dukan damuwarta ce ta ƙare ba, amma akwai waɗanda suke ƙwanƙwasa ƙofarta.

Mu kuma muna da baƙi a tsakaninmu. Kowace shekara ana turo masu bautar ƙasa daga kudu zuwa Miga da Jahun da Kiyawa, ba su jin Hausa. Ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011. Su ma 'ya'yan wasu ne, iyayensu suna addu'ar da muke yi. Lahadi mai zuwa, ka dubi wanda yake zaune shi kaɗai, ka kai shi gida ku ci tuwo.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, kai da ka bi Bulus zuwa Koranti ka tanada masa Akila da Biriskila, ka tuna da 'ya'yanmu a ƙasashen nesa. Ka ba su ƙarfin hali su fita, ka ba su hikima su zaɓa, ka tsare su daga mugun abota. Ka buɗe gidajenmu ga baƙin da ka aiko mana. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.