Idan Mabuɗin Kwamfutar Ofis Ya Ɓace

Kalmar sirri ita ce mabuɗin kwamfuta, kuma mai kula da na'urar ne ke riƙe da ita. A gari kamar Machina, cikin Jihar Yobe, idan ya manta da ita, lissafin albashi yana iya tsayawa har a nemo mai gyara daga Nguru ko Gashuwa.

Ga hanyoyi uku na buɗe Windows. Na farko, idan akwai mai kula na biyu, ya shiga ya sauya kalmar. Na biyu, idan asusun na Microsoft ne, a sabunta ta ta intanet da lambar tabbatarwa da za a aiko. Na uku, a amsa tambayoyin tsaro, ko a sa filashin da aka tanada domin haka.

Kada a yi garajen goge na'ura, gama takardu za su salwanta. Faifan da aka kulle da BitLocker kuwa yana iya neman mabuɗinsa mai lamba 48.

Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci ga masu kutse, saboda haka a nemi izinin shugaban ofis a rubuce. Rigakafi ya fi magani: a rubuta kalmar, a rufe cikin ambulan, a adana a sef.