Jawabin Shugaban Taro a Bikin Yaye Matasa Masu Awon Lafiyar Ruwa a Nguru

 

Mai Martaba Sarki, Allah ya ƙara maka imani da nasara. Hakimai da dagatai, sarakunan ruwa, arɗoɗi, malamanmu, iyayenmu mata, da 'ya'yanmu da muke yayewa, Assalamu alaikum.

Duk wanda ya haura shekara sittin a wajen nan ya san lokacin da ruwa ke da ƙa'ida. Ambaliya ta sauko daga kogunan Haɗeja da Jama'are cikin damina, ta shimfiɗu a fadama, manomi ya yanke shinkafarsa, masunci ya cika kwalekwale da tarwaɗa da karfasa. Rani na kamawa ruwa ya janye, a shuka wake a danshinsa, Bafulatani ya shigo da garke. Fili ɗaya, sana'a uku, kowa da watansa.

An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ban zo in zagi madatsa ba, Kano na sha daga gare su, noman rani a Kadawa ya ciyar da mutane masu yawa. Sai dai sun sauya wa kogin Haɗeja ɗabi'a. Babbar ambaliyar da ke wanke laka ta ragu, ruwa kuma ya daina ɗaukewa da rani, yana ta tsiyaya shekara zagaye. Ciyawar kachala kuwa abin da take so ke nan, ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta toshe magudanai, ruwa ya taru ta magudanar Marma ya cinye gonaki, alhali mutanen ƙasa da mu a gaɓar Yobe na kukan ƙarancinsa. A cikin kachalar tsuntsun jan-baki ke kwana, da safe ya faɗa wa gero da shinkafa. Sauro da katantanwar tsargiya ma nan suka sami gida.

'Ya'yana, na san kun sha yankan kachala, tafin hannunku shaida ne. Amma wanda ya yanke ta bana bai gyara tafiyar ruwa ba, baɗi zai koma da laujensa. Shi ya sa aka koya muku awo: karanta sandar da ke nuna hawa da saukar ruwa, auna iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa, duba kaurin laka, ƙirga irin kifin da ke fita a taru da tsuntsayen da ke sauka a Dagona daga Turai lokacin hunturu. Tun shekarar 2000 duniya ta sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta ce a kiyaye, amma takarda ba ta buɗe magudana. Littafin awonku ne hujjar da za mu ɗauka zuwa ga masu riƙe da ƙofofin madatsa, mu ce ga watan da za a sako ruwa, ga watan da za a bar fadama ta sha rana.

Saboda haka ku rubuta abin da sanda ta nuna, ko da bai yi wa babba daɗi ba. Kada wani ya zauna ƙarƙashin bishiya ya cike shafi da ka. Kuma in kun isa gari, ku fara gaida Sarkin Ruwa, ku tambaye shi kifin da ya ɓace da shekarar da ya daina ganinsa, don na'urarku ba ta san jiya ba.

Ranka ya daɗe, roƙonmu ga masarauta shi ne a umarci dagatai su karɓi waɗannan yara, a ba su masauki da kwalekwale, a kuma hana cire sandunan awo don yin turken akuya.