Yerwa a Idon 'Ya'yanta

A 2015 Fati Abubakar, 'yar Yerwa, wato Maiduguri, ta fara ɗora hotuna a Instagram da sunan Bits of Borno. Lokacin, da an ce Maiduguri sai a tuna bam da gawa. Ita kuwa ta nuno 'yan makaranta, da 'yan kasuwa, da mata cikin laffaya, har jaridun duniya suka ɗauka.

Yau wayar ɗalibin sakandare ma kyamara ce. Yaran da suka ɗauki hotunan ambaliyar madatsar ruwan Alau ta 2024 daga ƙofar gidajensu sun cancanci yabo. Malamai, don Allah a shirya musu gasa, a rataye hotunan a zauren makaranta, a gayyato iyaye su gani.