Mai Son Karatun Injiniya Daga Aji Uku Yake Soma Shiri

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa injiniya ya gabatar ga matasa ɗalibai a wata makarantar Islamiyya da ke cikin birnin Kano.

Bayan sallama da godiya ga Allah, mai jawabin ya ce da yawa daga cikin 'yan uwa sai sun shiga aji shida suke tuna akwai wata aba wai ita JAMB, alhali ƙofar farko tun a aji uku na ƙaramar sakandare take. A nan ne ake zana jarabawar shiga makarantun kimiyya na Jihar Kano, irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977. Wanda bai samu shiga ba, in ji shi, kada ya karaya, amma ya tabbata ajin kimiyya ya zaɓa a makarantarsu.

Daga nan ya juya kan JAMB. Ya bayyana cewa mai neman injiniya a Jami'ar Bayero, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, darussa huɗu zai zana: Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran ukun 40 kowanne, maki kuma 400. Ya ce wa ɗalibai su buga lissafin da kansu: daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Ya tunatar da su cewa a sakamakon farko na 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba.

Ya daɗe a kan Lissafi. A cewarsa, shi ne darasin da ba a haddace shi ranar jajibere; wanda ya bar aljabara ta wuce shi a aji huɗu, to Fiziks na aji biyar zai zame masa yaren China. Don haka aji huɗu na kafa tushe ne, aji biyar na bin manhajar JAMB babi-babi, aji shida kuwa na tsofaffin tambayoyi da agogo a gaba.

Game da masu taya iyayensu tsaron shago a Kurmi ko Kwari, ya ce ya san halin da ake ciki, amma awa ɗaya bayan Asuba, kafin gari ya ɗauki hayaniya, ta fi awa uku ta dare babu wuta ga sauro. Zaman majalisa da gidan kallon ƙwallo dai, nan ya ɗan yi faɗa, kuma faɗan na kan hanya.

Ya ja kunne cewa tun 2015 da kwamfuta ake zana jarabawar, saboda haka kada ranar ta zama ranar farko da ɗan uwa zai taɓa na'urar. Haka nan makin JAMB ba ya amfani sai da kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da waɗancan darussa huɗu. A ƙarshe ya ce kowa ya nemi lambarsa ta NIN tun yanzu, ya duba sunansa da ranar haihuwarsa sun yi daidai da na takardun makaranta, domin ba a rajista sai da ita.